Yawo da Keke Don Lafiyar Jiki

Yau a kan keke za mu yi magana. Na san za ka ce, "Keke kuma? Wa bai san keke ba a garin Diffa?" Gaskiyarka, kowa ya san shi. Da shi ake kai buhun tattasai kasuwa. Da shi ake ɗauko ruwa da damin itace. Da shi yaro ke zuwa lakwal, manomi ke zuwa garka a bakin kogi.

A shekarar 2015, lokacin da Boko Haram suka kawo hari Boso da Diffa, hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawan babur a jiharmu. Hanin ya ɗauki shekaru. A lokacin ne mutane da yawa suka jawo tsofaffin kekunansu daga ɗaka, suka kakkaɓe musu ƙura. Wanda a da yake raina keke, ranar nan ya san darajarsa.

To, amma keke yana da wani amfani da yawancinmu ba mu kula da shi ba. Shi ne mutum ya hau ba don aike ba, ba don kasuwa ba, sai don ya motsa jikinsa, ya sha iska, ya dawo. Wannan shi ne darasinmu na yau. Abu ɗaya nake so ka riƙe: yawon keke tun daga gida ake shirya shi. A shirya keke, a shirya hanya, a shirya jiki.

Me ya sa zan hau keke ba ni da aike?

Dubi zamanmu na cikin gari. Mai shago yana zaune tun safe har dare. Mai gadi yana kan benci. Mai sayar da kati yana ƙarƙashin rumfa. In za a je nan kusa ma, sai a tsai da a-daidaita. Jiki kuwa in ba ya motsi, ciwo ke shigarsa. Daga nan hawan jini ke samun ƙofa, da ciwon suga, da ƙiba, da ciwon baya. Waɗannan cututtuka ba sa sallama. Hawan jini yana iya yin shekaru a jikin mutum bai sani ba, sai ranar da ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. In mai gida ya kwanta, wa zai nemo wa iyali abinci?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a kowane mako. Kada yawan ya ba ka tsoro. Mu yi lissafi tare, kamar yadda muke yi a aji. Minti 30 sau kwana 5, nawa ke nan? 150. Ka ga ashe rabin awa ne kawai a rana, kwana biyar a mako. Hirar shayi ma ta fi haka tsawo.

Keke ya fi gudun ƙafa sauƙi ga gwiwa, domin nauyinka yana kan sirdi. Saboda haka dattijo zai iya, mai jiki ma zai iya. Ga shi ba ya shan mai. In kai manomi ne, kullum kana noma da ban-ruwa, jikinka ya riga ya samu rabonsa. Amma in aikin gona ya ƙare, ka dawo gari kana zama, maganar nan ta shafe ka kai ma.

Wani zai ce, "Ni da furfurata in riƙa yawo a keke kamar yaro? Mutane za su yi mini dariya." Bari in gaya maka, a duniya keke ba abin kunya ba ne. A Burkina Faso tun 1987 suke da babbar gasar tseren keke ta zagaye ƙasa. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke ta duniya. A 2024 wani saurayi ɗan ƙasar Eritiriya, Biniam Girmay, ya ci zango uku a babban tseren Faransa. A 2025 aka yi gasar keke ta duniya a Kigali, ƙasar Ruwanda, karo na farko a Afirka. Mu ba tsere za mu yi ba. Lafiya muke nema. Lafiya kuwa uwar jiki ce, babu mai fushi da ita.

Abin da ya taɓa samuna

Wata shekara, tun kafin rikicin nan, na tashi zan je ganin garkar wani abokina a bakin Komadugu. Cikin watan Afrilu ne. Ban fita ba sai wajen ƙarfe tara, rana ta riga ta ɗaga. Ban ɗauki ruwa ba, ban ɗauki famfo ba, ban kuma gaya wa kowa a gida inda za ni ba. Na ce ai nan kusa ne.

Da na bar kwalta, sai na ga wata ƴar hanya, na ce bari in yanke. Ban yi nisa ba na ji keke ya yi nauyi. Na duba, tayar baya ta sace, ƙaya ta soke ta. Babu mai faci, babu gida kusa. Haka na riƙa tura keke cikin rairayi, rana tana dukana. Maƙogwaro ya bushe, kaina ya fara juyawa, idona yana ganin duhu-duhu. Na zauna gindin wata aduwa, na kasa tashi. Allah ya kawo wani bawan Allah da amalanken jaki. Shi ya ba ni ruwa, ya ɗora ni da kekena har bakin gari. A gida kuwa an aika yara kasuwa nemana, can inda ban je ba.

Ka ga kuskurena? Ban shirya keke ba, ban shirya hanya ba, ban kuma tanadi ruwa ba. Da mai amalanken nan bai biyo ba, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. Kada abin da ya same ni ya same ka.

Shirya kekenka

Ba sai ka sayi sabo ba. Tsohon Phoenix ko Raleigh na gidanku ya isa, in dai an gyara shi. In kana da irin mai faffaɗar taya da giya, madalla, shi ya fi daɗi a kan rairayi. Ko wane iri ne, ka duba abubuwan nan kafin ka fita.

1. Taya. Matsa ta da babban yatsa. In za ka bi kwalta, ka cika ta da iska ta yi tauri. In za ka bi rairayi, ka rage iskar kaɗan, don taya ta baje, kada ta nutse. Amma kada ka rage da yawa, ƙarfen ƙafar zai cije tiyub. In tayar ta suɗe har zare ya fito, a canja ta.

2. Birki. Kama na gaba, ka tura keke. Kama na baya, ka tura. In keken ya tafi, birkin ba ya ci, robarsa ta cinye ko kuwa yana bukatar ɗauri. Kada ka ce za ka tsaya da takalmi. Robar birki ba ta kai kuɗin ɗaurin karaya ba.

3. Sarƙa. Ka goge ta da tsumma, ka ɗiga mata mai kaɗan, ka sake gogewa. Mutane suna tsammani yawan mai shi ne gyara. A ƙasarmu mai rairayi ba haka ba ne. Mai in ya yi yawa, rairayi ke mannewa a jikinsa, ya riƙa cin sarƙa kamar zarto.

4. Sirdi. Wannan shi ne abin da aka fi yin kuskure a kansa. Hau keke, wani ya riƙe maka. Ɗora diddigenka a kan feda, ka kai ta can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe daidai, tsawon sirdi ya yi. In gwiwarka tana tanƙware sosai, sirdin ya yi ƙasa, zai sa maka ciwon gwiwa. In sai ka karkace kafin ka kai, ya yi sama.

5. Notoci. Ɗaga keke kaɗan ka sake shi. In ka ji wani abu yana kwaramniya, nemo shi ka ɗaure. Ka fi kula da notin ƙafafu da na hannun keke.

Duk wannan dubawa ba ta wuce minti biyar. Rigakafi ya fi magani.

Kayan tafiya

Ka samu ƴar jaka, ka ɗaure ta a bayan keke. Ga abin da za ka zuba ciki: famfo, da faci da gam ɗinsa, da sifana daidai notin kekenka, da tsofaffin cokula biyu na ɓanɓare taya. Sai gorar ruwa, da ƴan dabino ko ƙuli-ƙuli, da ƴan kuɗi kaɗan. Katinka na ɗan ƙasa kuwa ya kasance a aljihunka kullum. In kana da salula, ka tabbata da caji a cikinta.

Game da tufafi, ka sa masu sauƙi, masu haske. Farin kaya ba ya jan zafi kamar baƙi, kuma direba yana hango shi daga nesa. Babbar riga ba ta hawan keke ba ce. Bakinta yana shiga sarƙa ko wayoyin ƙafa, ta kā da mutum. Ƙafar wandonka ta dama, wato gefen sarƙa, ka naɗe ta ko ka ɗaure da roba. Ka sa takalmi mai kama ƙafa, domin silifa tana zamewa daga feda.

In kana da halin sayen hular kwano ta keke, ka saya. Hannu in ya karye ana ɗorawa, kai kuwa ba a ɗora shi. Rawani da hula suna tare rana, amma ba sa tare dutse. Lokacin hunturu ka rufe hanci da baki da ƙyalle saboda ƙura. Keke kuma ya kasance da ƙararrawa, da fitila a gaba, da jan abu mai ƙyalli a baya.

Koyi faci da kanka

A nan wajenmu ƙaya ce babbar abokiyar gabar keke. Ga ta aduwa, ga ta bagaruwa, ga tsidau a ƙasa yana jira. Mai faci yana cikin gari, ba ya bin ka daji. To, ga yadda ake yi.

Kifar da keke. Ɓanɓare gefe ɗaya na taya da bayan cokali, ka jawo tiyub waje. Ba shi iska, ka nemi inda take fita. In akwai ruwa a kwano, ka tsoma shi, za ka ga kumfa. In babu, ka kara shi kusa da kuncinka, za ka ji iskar. Ka share wurin ya bushe, ka kankare shi kaɗan da dutse mai kaushi. Shafa gam, ka jira ya sha iska har ya bar sheƙi. A nan masu gaggawa ke faɗuwa. In ka manna faci a kan ɗanyen gam, zai ɓalle. Bayan ka manna, ka danne shi sosai.

Saura abu ɗaya, kada ka manta da shi. Kafin ka mai da tiyub, ka shafa cikin taya da yatsa a hankali, ka nemo ƙayar, ka cire ta. In ka bar ta a ciki, ko taku ɗari ba za ka yi ba, ta sake hudawa. Ka gwada wannan aiki a gida sau ɗaya ko biyu, cikin inuwa, kafin ranar da za ka bukace shi a daji.

Shirya hanya

Kafin ka ɗora ƙafa a feda, ka amsa wa kanka tambayoyi biyar.

Ta farko: yaushe zan fita? Da sanyin safiya ake kama fara. Bayan sallar asuba, in gari ya waye kana ganin hanya, shi ne lokaci mafi kyau. Na biye da shi, bayan la'asar sakaliya. A watannin Afrilu da Mayu zafin Diffa yana wuce awo 40. A irin waɗannan ranaku, ƙarfe takwas ta yi maka a gida. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa gari da sanyi, shi ne lokacin da yawon keke ya fi daɗi. Kada ka bari magariba ta same ka a waje.

Ta biyu: ina ne iyakata? Ka auna tafiyarka da agogo. A kan kwalta, mai tafiya a hankali yana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa ɗaya. In kana son yawon minti 30, ka yi minti 15 kana tafiya, ka juyo. Wajen kilomita 6 ko 7 ke nan, zuwa da dawowa. Wannan ya ishi mai farawa. Daga Diffa zuwa Shetimari kamar kilomita 25 ne, zuwa Maine Soroa wajen 75, zuwa Gigimi wajen 130. Ka ga waɗannan ba na mai farawa ba ne. Kada ka manta, duk nisan da ka yi, sai ka dawo da shi da ƙafarka.

Ta uku: daga ina iska ke busowa? Lokacin hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Da damina kuma ta juya, ta fito daga kudu maso yamma. Dabara ita ce, in da hali, ka fita iska tana bugun fuskarka, lokacin kana da ƙarfi. In ka juyo ka gaji, sai ta riƙa tura ka daga baya har gida. Wanda ya fita iska tana tura shi, daɗi zai ja shi ya yi nisa, wajen dawowa ya sha wuya.

Ta huɗu: wace irin ƙasa zan taka? Iri uku gare mu. Akwai kwalta, wato babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi ta Damagaram da Maine Soroa, ta ratsa Diffa zuwa Gigimi. Tana da sauƙin tuƙi, amma akwai manyan motoci. Ka tsaya a hannunka na dama, can gefe. In kun fita ku biyu ko uku, ku bi bayan juna, kada ku jeru kuna hira. In ka ji babbar mota tafe, ka sauka gefe ta wuce. Akwai kuma rairayi. A cikinsa kada ka kama birkin gaba da ƙarfi, kada ka juya hannun keke farat ɗaya, za ka faɗi. In ya yi zurfi, ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. Sai ƙasar fadama ta kusa da kogi. Da rani tana da tauri, tana da daɗin bi, ga inuwar goruba da tsamiya. Amma in ta jiƙe, laka ce mai danƙo, tana cushewa a ƙafar keke har ta ƙi juyawa.

A nan sai mu yi maganar kogi. Yawancin ruwan Komadugu ba na samanmu ba ne. Daga Najeriya yake tasowa, daga wajajen Kano da Bauci da Jos. Kogin Haɗeja da na Jama'are su ke haɗuwa, ruwan ya biyo ta Gashuwa da Gaidam, ya iso mu, ya wuce ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. Tafiyar tana da nisa. Shi ya sa kogi ya fi cika bayan ruwan sama ya ɗauke a nan. Ka tuna ambaliyar 2019 da ta 2022, duk cikin watan Oktoba suka yi ɓarna, suka ci gidaje da garake. Saboda haka hanyar da ka bi lafiya a watan Mayu, kana iya tarar da ita cikin ruwa a watan Nuwamba, ko da sama ba gajimare. Kada ka shiga ruwan da ba ka ga ƙasansa ba. Ka kuma tuna, a yankinmu kogin nan shi ne iyaka. Tsallakensa wata ƙasa ce.

Ta biyar, wadda ta fi duka: hanyar lafiya take? Ni da kai mun san abin da ƙasarmu ta gani tun 2015. Labarin jiya ba ya isa, sai na yau. Matambayi ba ya ɓata. Ka tambayi mai unguwa, da masu garka da ke zuwa wajen kullum, da direbobin tasha. Ka saurari rediyo. Inda hukuma ta hana zuwa, kada ka je. Lokacin da ta hana fita, kada ka fita. In ka zo shingen jami'an tsaro, ka rage gudu tun daga nesa, ka sauka, ka nuna katinka. Ka bi hanyar da mutane ke bi, ban da yanke. In ka ga wani abu a kan hanya wanda ba ka gane ba, ko ƙarfe, ko waya, ko ƙunshi, kada ka taɓa. Ka koma ta inda ka fito, ka sanar da hukuma. In zuciyarka ba ta kwanta da wata hanya ba, ka bar ta. Zagaye unguwarku sau biyar, minti 30 ɗin nan dai za su cika.

In ka gama amsa tambayoyin nan, ka gaya wa mutanen gida inda za ka, da lokacin da za ka dawo. In ka samu abokin tafiya, ya fi.

Ruwa da rana

Ka sha ruwa kafin ka fita. A hanya ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, kada ka jira ƙishirwa. Yawon awa ɗaya yana son aƙalla lita ɗaya, da zafi kuwa fiye da haka. Ka naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan zai daɗe da sanyi. Fitsarinka zai gaya maka gaskiya. In ya yi ja, ya yi kaɗan, jikinka yana neman ruwa.

Wane gudu ya dace? Ga ma'auni mai sauƙi. In kana tuƙi, numfashinka ya ƙaru, amma kana iya magana da abokinka, gudun ya yi daidai. In ba ka iya haɗa kalma uku sai ka yi haki, ka rage.

In ka ji ciwon kai, ko jiri, ko tashin zuciya, ko jijiyar ƙafa ta ɗaure, rana ce ta fara taɓa ka. Ka tsaya nan take, ka nemi inuwa, ka jiƙa kanka da rigarka, ka sha ruwa a hankali. In ka yi zufa da yawa, ruwan gishiri da sukari yana mai da ƙarfi: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. In abokin tafiyarka ya fara sambatu ko ya suma, wannan ba na jira ba ne. A kwantar da shi a inuwa, a zuba masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki.

In kana da hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ka fara zuwa wurin likita ka gaya masa niyyarka. Keke yana taimakon magani, amma ba ya maye gurbinsa. Mai shan maganin suga kada ya fita babu dabino a aljihu. Duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko yana ciwo, ya sauka, ya nemi likita ranar nan.

Ranar da ba a fita

Akwai ranakun da fita ba ta yiwuwa. Wata rana hazo ne ya rufe gari. Wata rana ruwa, wata rana zafi, wata rana kuma gari ne ba lafiya. In ka zauna mako biyu ko uku ba motsi, ƙarfin da ka tara zai fara zubewa. To, sai ka yi aikinka a tsakar gida ko a zaure. Ke ma ƴar'uwa, wannan sashe naki ne. Ko ba ki hawan keke, duk abin da ke nan kina iya yinsa a cikin gidanki.

A ƙasashen da sanyi ke hana fita, suna da wani ƙarfe da ake ɗora ƙafar bayan keke a kai. Mutum yana tuƙi, keke yana tsaye wuri ɗaya. Mai walda zai iya ƙera maka irinsa. Ka ce ya yi shi da faɗin gindi, ya kama ƙarfen tsakiyar ƙafa dama da hagu, ya ɗaga taya daga ƙasa kaɗan. Kada ka hau a kan ƙarfen tsayuwa da keke ya zo da shi. Ba a yi shi don ɗaukar mutum ba, zai lanƙwashe. Da yake taya ba ta taka ƙasa, tuƙin ba shi da nauyi kamar na hanya. Sai ka riƙa yin minti 2 a hankali, minti 1 da sauri, har ka cika minti 20. Ka kori yara daga wurin, kada wani ya sa yatsa cikin wayoyin ƙafa.

In babu wannan ƙarfe, ba komai. Ga aiki huɗu da ba sa bukatar ko dala.

1. Tashi-zauna. Zauna a bakin benci, ka miƙe ba tare da dafa komai ba, ka koma a hankali. Sau 10.

2. Hawan dakali. Hau da ƙafar dama, ka sauko. Hau da ta hagu, ka sauko. Minti 1. In jiri yana ɗibarka, ka dafa bango.

3. Keken kwance. Kwanta rigingine a kan tabarma, ka ɗaga ƙafafu, ka riƙa juya su kamar kana tuƙi. Ka ƙirga zuwa 30.

4. Ɗage. Dafa bango, ka tsaya a kan yatsun ƙafa, ka sauko. Sau 15.

Ka fara da zagaya tsakar gida minti 5 don jiki ya yi ɗumi. Sannan ka yi huɗun nan bi da bi, ka huta minti 1, ka sake. Zagaye uku ya isa. Ka rufe da tafiya a hankali minti 5. Kada ka riƙe numfashi lokacin da kake yi. A watan azumi ka bari sai bayan an sha ruwa, abinci ya faɗa, ka yi kaɗan.

Sannu ba ta hana zuwa

Kada ka ce yau ɗaya za ka rama shekara goma. Makon farko ka yi minti 10 ko 15, kwana uku. Mako na biyu ka kai minti 20. Na uku ka ƙara kwana ɗaya. Zuwa wata ɗaya ko biyu za ka kai minti 30, kwana biyar. Da farko cinya za ta yi tsami, mazauni ma za su yi. Wannan yana wucewa cikin ƴan kwanaki.

Yanzu da Allah ya sa ka iya rubutu, ga inda zai yi maka amfani. Ka ware shafi ɗaya a littafinka. Ka ja layi huɗu: rana, wuri, minti, da yadda ka ji. Misali: Litinin, zagayen unguwa, minti 15, na yi haki. Ran Juma'a ka haɗa lissafin mako. A wani shafin kuma ka zana taswirar hanyarka. Ka sa alamar inda famfon ruwa yake, da inda mai faci yake, da inda inuwa take, da inda rairayi ya yi zurfi. Ka nuna wa mutanen gida, don su san inda za su neme ka. Bayan wata uku ka buɗe shafin farko, ka karanta abin da ka rubuta da hannunka. Za ka ga bambanci.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu inda za mu, ya dawo da mu gida lafiya. Amin.

Tambayoyi

1. Minti nawa ya kamata babban mutum ya motsa jikinsa a mako?

2. Me ya sa ba a cika wa sarƙar keke mai a ƙasarmu?

3. Wane abu ne ake nema a cikin taya kafin a mai da tiyub?

4. Me ya sa Komadugu ke cika bayan ruwan sama ya ɗauke?

5. Wani ya yi minti 20 ran Litinin, minti 25 ran Laraba, minti 30 ran Asabar. Minti nawa ya yi duka? Saura nawa ya cika 150?

6. Zana taswirar hanya daga gidanku zuwa ajinmu, ka rubuta sunan wurare uku da ake wucewa.